Rijiyar Gidan Hayar Malam Maliki

Duk wanda ya zauna a Unguwar Dosa kafin shekarar 1980 ya san Malam Maliki duba-gari, dogon mutum mai kaki da ƙaramin littafi a aljihu. A Zariya aka haife shi, aiki ya kawo shi Kaduna tun yana saurayi. Shekara ashirin da biyu ya yi yana zaga gidaje da ludayinsa, yana leƙa randuna ko zai ga tsutsar sauro. Da mata sun ji an ce ga duba-gari nan, sai a hau kife tukwane da share kwata. Ba ya karɓar goro a bakin aiki, ko kaza aka aika masa gida mayarwa yake yi. Abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne tazarar da ke tsakanin rijiya da masai. Taku talatin yake nema, ba ragi. Rijiyoyi da yawa ya sa an cike saboda wannan, masu gidajen suna roƙo yana kau da kai.

A shekarar 1975 aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji. Abokan aikinsa suka sayi babura da manyan rediyoyi, shi kuwa ya sayi fili a Badarawa, domin ya gina gidan haya da zai riƙe shi idan ya bar aiki. Bai yi gaggawa ba. Da damina ya je ganin filin, don ya san inda ruwa yake kwanciya. A gaban mai unguwa da shaidu aka yi ciniki. Ya zana ɗaki shida, rijiya a kusa da zaure, masai can ƙarshen fili.

Ranar da aka ja igiya, Bawa magini ya dubi zanen ya yi dariya.

"Yallaɓai, gidan haya za ka gina ko filin ƙwallo? Duk wannan sarari na bayan nan awaki za ka kiwata? Matso da masan nan gaba, in fitar maka da ɗaki biyu. Mutane na ta kwararowa Kaduna, kafin siminti ya bushe an kama su."

Malam Maliki ya taka daga bakin rijiya zuwa inda Bawa ya nuna. Taku tara. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya ce a ransa ai ƙasar wurin marmara ce, ba ta saurin tsattsafo, kuma an ce ruwan famfo na nan tafe unguwar, rijiyar ta ɗan lokaci ce. Ya san babu mai zuwa ya duba gidan duba-gari.

"Yi yadda ka ce," in ji shi.

Ɗakuna takwas suka cika cikin wata guda. Babba a cikin 'yan hayar shi ne Audi kafinta, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Akwai kuma Mero, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Kunun zaƙi take yi, da shi take ci da su. Kullum da hantsi yaran unguwa suna layi a ƙofar gidan da kofunansu.

Da daminar 1976 ta yi nisa, aka yi mako guda ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Sai gudawa da amai suka shiga gidan. Yaran Audi biyu suka kwanta, na maƙwabta ma haka, har aka kai Indo, ƙaramar 'yar Audi, asibiti. Mata suka lura cewa duk yaron da ya kwanta a waje mai shan kunun Mero ne. Kafin la'asar magana ta game Badarawa: Mero ƙazama ce.

Malam Maliki na jin labarin ya san abin da ya faru. Masai ya cika da ruwan sama ya tsattsafa cikin rijiya, da ruwan nan kuwa Mero take sirka kununta. Washegari da sassafe ya je ya sa wa murfin rijiyar kwaɗo, ya ce yasa za a yi mata. Ya ɗauki ɗan garuwa yana kawo wa gidan ruwan famfo daga bakin titi. 'Yan haya suka yi ta sa masa albarka, suna cewa ba su taɓa ganin mai gida mai kirki irinsa ba. Ya karɓi godiyar, kansa a sunkuye.

A daidai kwanakin nan Mero ta daina kunu, don babu mai saye. Ciwo ya lafa. Mutane suka ce to ga shaida nan, ta daina an warke.

Audi ya sami Malam Maliki a gida. "Malam, kai ne mai gida, kai ne kuma hukuma. Ka tashi matar nan kafin ta ƙarasa mana yara."

"Zan duba," in ji Malam Maliki.

Kwana goma sha ɗaya yana cewa zai duba. Yana fita aiki, ya leƙa randunan mutane, ya rubuta sunayensu a littafi. Idan hanya ta biyo da shi ta Badarawa sai ya kewaye. Ana nan sai ga Mero da kanta a zaurensa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malam, ban zo roƙo ba. An ce kai ba ka tsoron kowa wajen faɗin gaskiya. Ka zo ka duba kayana a gaban jama'a. In ka ga ƙazanta, ni da kaina zan kwashe yarana in tafi. Ko sallamata matan gidan ba sa amsawa. Jiya babbar 'yata ta je ɗebo wuta aka kore ta."

Ranar Asabar da hantsi ya je, sanye da kakinsa. Tsakar gidan ta cika, har da matan maƙwabta a bakin katanga. Mero ta jera kayanta a kan tabarma: tukwane biyu, ƙwarya, mataci, ludaya, da farin ƙyallen da take rufe kunu da shi. Ya ɗaga kowanne, ya juya, ya sunsuna. Tun da ya fara aiki bai taɓa ganin kaya masu tsabtar waɗannan ba.

"Babu aibi a kayanta," ya ce.

"To, in ba ita ba ce, wane ne?" in ji Audi. "Aljanu ne suka dama mana?"

Wata tsohuwa ta ce ai annoba daga Allah take. Malam Maliki ya ga ƙofa ta buɗe masa. Da ya gyaɗa kai, da taro ya watse, amma ya san gobe ma ba mai sayen kunun. Ya dubi Mero, ta zuba masa ido tana jira. Sai ya tafi bakin rijiya, ya juya, ya fara takawa yana ƙirgawa da ƙarfi yadda yake yi a gidajen mutane. A kan tara ya dafa bangon masai.

"Talatin ya kamata," ya ce. "Ruwan rijiyar nan ne ya kwantar da 'ya'yanku. Ni na sa aka gina masan nan haka, don in sami ɗaki biyu. Na kuma sani tun ranar da aka ja igiya."

Mero ce ta yi magana, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ashe shi ya sa ka sa kwaɗo."

"Shi ya sa."

"Kana sane, Malam, ana zagina, kana aiko mana da garuwa muna yi maka addu'a?"

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, a gaban matan da ya saba ci wa tara.

A makon nan ya sa aka cike rijiyar, aka rushe ɗakunan biyu, aka mayar da masai inda ya fara zana shi. Ya je gidan mai unguwa ya faɗi abin da ya yi, ya sake faɗa a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, don magana ta kai inda ta Mero ta kai. Allah ya tashi kafaɗun Indo. Malam Maliki kuwa kafin shekara ta ƙare ya rubuta takardar ajiye aiki, ya ce ba zai iya sake taka tsakar gidan wani yana ƙirga ba.

Bayan haka ma'aikata kan zo wurinsa neman shawarar gina gidan haya. Ba ya ja musu magana. Yakan ce su ga fili da damina, su haƙa masai da rijiya kafin a aza tubali ko ɗaya, kuma kada su gina ɗakin da ba za su iya sa 'ya'yansu a ciki ba. Wanda ya tambaye shi ɗaki nawa fili zai ɗauka, sai ya ce ya rage biyu daga abin da magini ya faɗa.

Mero dai ta sake dama kunu. Kwana uku tana fitar da shi tana mayarwa, domin iyaye sun ji gaskiya amma sun riga sun hana 'ya'yansu. Malam Maliki ya ce ta zauna a ɗakin kyauta iya rayuwarta. Ta ce ta gode, ba ɗaki ta rasa ba. Ƙarshen wata ta ɗaure kayanta ta koma Kawo, inda ba wanda ya san sunanta. Ya zo da safe don ya taya ta ɗora kaya a amalanke, ya miƙa hannu zai ɗauki babbar tukunyar.

"Bar ta, Malam," ta ce. "Na riga na wanke."