Ɗakin Sha'ir na Kakata

Ɗana ne ya kawo mini ƙamshin a cikin 'yar jakar takarda. Kwana tara ke nan da fitata daga takaba, ina zaune a falonmu na unguwar Kurayyat a gefen da malam yake zama, sai ya shigo daga tafiya ya zuba mini wasu ƙwayoyi a tafin hannu ya ce, "Ummi, sansana ki gaya mini mene ne." Ban ma kai hanci sosai ba hawaye suka zubo. Tsiron sha'ir ne da aka busar. Kusan shekara hamsin rabona da wannan ƙamshi, amma na gane shi kamar muryar wani nawa.

Ni ban yi karatu ba, 'yata ce take rubuta wannan ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara kome, har inda ban yi kyau ba.

Ɗan nawa aikin tukwanen ƙarfe na masana'anta yake yi, shi ne kamfaninsu ya tura su wata ƙasar Turawa mai sanyi da yawan ruwan sama. A can aka kai su yawon ganin gidan da ake yin giyar nan da suke kira wiski. Da ya faɗa na janye hannuna.

"A'uzubillahi! Ubanka bai yi wata biyar a kabari ba ka tafi gidan giya?"

"Wallahi Ummi ko ɗigo ban sha ba. Tukwanensu muka je gani. Da aka miƙo kofi na ce a kai kasuwa, sai matar da take zagayawa da mu ta ba ni wannan in tauna."

Ya buɗe waya yana nuna mini. Na ga wani dogon ɗaki an shimfiɗe jiƙaƙƙen sha'ir a ƙasa, wani dattijo yana juya shi da shebur na katako don kada saiwoyin su kama juna. Na ga inda suke busar da shi a kan hayaƙin wata baƙar ƙasa da suke ƙonawa kamar gawayi. Na ga manyan randunan katako ruwan yana kumfa shi kaɗai ba wuta. Sai tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya kamar na raƙumi, sai wani sito mai duhu cike da ganguna da ya ce sukan shekara goma ba a buɗe su ba. Ya ce abin alfaharinsu shi ne kome na gida ɗaya ne, ba sa gauraya nasu da na wani gida.

Na tambaye shi, "Kai wane ne nasu da suka shigar da kai kowane ɗaki?"

Ya yi dariya. "Ba sai kana nasu ba. Kowa ya zo za a zagaya da shi, a buɗe masa kome."

Ku yi mini uzuri, abin da na ji a lokacin ba tsoron Allah ba ne kaɗai. Hassada na ji. Baƙo daga wata duniya an buɗe masa kowace ƙofa, ni kuwa ɗakin sha'ir na kakata da ta haifi uwata ba a taɓa bari na wuce bakin ƙofarsa ba.

A nan Jidda aka haife ni, a wata unguwa ta gidajen katako da kwano kusa da teku, wadda yanzu babu ita. Kaka ta zo hajji a ƙafa tana budurwa, ba ta koma ba. Sana'arta sobiya, abin shan nan fari mai ɗan tsami da mutanen Hijaz suke buɗe baki da shi. Sauran masu yi da busasshen burodi suke yi. Kaka kuwa ta zo da sanin tsiro daga gida, sai ta riƙa jiƙa sha'ir, ta shimfiɗa a kan buhuna ta rufe da jiƙaƙƙen zane har ya fito da 'yan fararen saiwoyi, ta shanya, ta niƙa, ta dama da sukari da kirfa da ɗan ƙamshin nan na Larabawa da ake kira hel, ta bar shi ya kwana biyu a randa. Kwana biyu cif. Idan ya wuce haka, ko zafi ya same shi, to ya juya ya zama abin da Musulmi ba ya sha. Shi ya sa randunan suke ɗakin da ya fi sanyi a gidan, an naɗe su da jiƙaƙƙun buhuna.

Da watan Sha'aban ya kama, gidan gaba ɗaya sai ya ɗauki ƙamshin tsiro. Iskar teku tana shigowa da danshi, tufafi suna manne wa jiki, mai ruwa yana shigowa da garwa biyu a kafaɗa yana fita. Mu biyu ne jikokinta mata, ni da ƙanwata da na ba shekara biyu. Ni ce mai tankaɗe, ni ce mai wankin randuna a tsakar gida. Amma shiga ɗakin, a'a.

Dalili kuwa hannuna ne. Tun ina ƙarama na taɓa dama kunu da safe, kafin azahar ya yi tsami. Kaka ta kama tafina ta juya shi ta ce wa Inna, "Wannan hannunta zafi gare shi. Kada ta taɓa mini randa." Shi ke nan, magana ta zauna. A wurin tsofaffinmu akwai mai hannun sanyi akwai mai hannun zafi, haka Allah ya halicci kowa, ba laifi ba ne. Amma je ka gaya wa yarinya 'yar shekara goma sha biyu cewa ba laifi ba ne.

Ranar da ba na mantawa, Kaka ta kama hannun ƙanwata ta shigar da ita. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da rariya. Ina jinta tana zagayawa da ita kamar yadda matar nan ta zagaya da ɗana. "Nan ake jiƙo. Taɓa ki ji. In ya yi laushi haka ya isa. Wannan randar ta jiya ce, sa kunne ki ji tana magana." Ƙanwata ta fito da garin tsiro a hancinta tana murmushi, ta ce, "Yaya, randa tana magana fa!" Na ce mata ni ma na sani. Ban sani ba.

Azumin shekarar Kaka ta ba ta randa guda ta yi ita kaɗai, wadda za a kai masallacin unguwa sadaka. Kowa a gidan yana maganar randar ƙanwata. Ranar kwana na biyu, bayan azahar, zafi ya kwantar da kowa. Na tashi na shiga ɗakin. Duhu ne da sanyi da ƙamshi, ban ma tsaya kallo ba don tsoro. Na yaye jiƙaƙƙen buhun, na tura randar jikin bangon kwano inda rana take dukansa, na buɗe na zura hannuna har gwiwar hannu na juya sau uku. Kafin la'asar na dawo na mayar da ita wurinta.

Washegari da yamma Kaka ta buɗe. Tana azumi, ba ta ɗanɗana ba, hanci kawai ta kai. Ta ce, "Ta wuce." Ta sa ƙanwata ta kwashe da kanta, kwano bayan kwano, tana zubarwa a kwata. Warin ya cika lungu. Wani maƙwabci ya tsaya yana cewa ashe Takari giya suke dafawa a cikin azumi. Rabin mutanen gidanmu ba su da takardar zaman ƙasa, magana irin wannan in ta kai inda bai kamata ba, jirgi za a sa mu. Sai da Baba ya bi dattawan unguwa gida gida yana rantsuwa. Kaka ba ta ƙara sayar da ko kofi ba har Salla. Ƙanwata ta sha faɗa har muryarta ta dushe da kuka, an ce ta manta ba ta jiƙa buhu ba. Ba ta musa ba. Ni kuwa ina gefe ina tankaɗe.

Na zaci za a cire ta. Da Sha'aban ya zagayo Kaka ta sake kama hannunta.

Haka muka girma. Ita ta gaji sana'ar, yau 'ya'yanta suna da shago a Aziziyya, da azumi layi har bakin titi. Ni na auri malam, tela ne a Sharafiyya, mutum mai haƙuri, shekara arba'in da shida muna tare. Na yi masa kowane irin girki ya ci ya gode. Amma kowane azumi sai ya shiga layin nan ya dawo da leda yana cewa, "Ta ƙanwarki daban ce." Bai san abin da yake taɓawa ba. Ranar da jikinsa ya yi tsanani a asibiti, ya kasa haɗiye kome nawa, na sunkuya na ce me yake so. Ya ce sobiyarta. Ta kawo a 'yar kwalba, ni na ɗaga kansa, ita ta ba shi da cokali. Shi ne abu na ƙarshe da ya sha a duniya. Ina kukan mijina, wallahi a ƙarƙashin kukan akwai wani kukan daban.

Bayan ɗana ya tafi na yini da sha'ir ɗin nan a hannu. Washegari na ce wa 'yata ta kai ni Aziziyya. Ba lokacin azumi ba ne, shagon ba kowa, ƙanwata tana zaune a baya da sandarta, ita ma ta tsufa, haƙoranta sun zube. Na miƙa mata. Ta tauna ɗaya da dasashi ta yamutsa fuska.

"Hayaƙi ya yi yawa. Su wa suka ɓata sha'ir haka?"

Na ba ta labarin gidan giyar da yadda ake zagayawa da kowa. Ta yi salati, ta yi dariya, sannan ta dube ni ta daɗe. Ta dafa sanda ta miƙe.

"Yalla Yaya, taso."

Ta kama hannuna, na daman, ta shigar da ni. Yanzu babu randuna, manyan tukwanen ƙarfe ne masu ƙyalli da na'urar sanyi tana kuka. Amma ƙamshin yana nan. Ta nuna mini wurin jiƙo, ta nuna mini inda ake shimfiɗa, ta ce in sa kunne a jikin ta jiya. Na sa. Tana magana kuwa, ƙasa ƙasa, kamar ana raɗa. Sai ta buɗe ta ƙarshe ta ba ni muciya.

Na ce, "Kin san hannuna."

Ta ce, "Na san shi mana. Ranar nan tabarma ɗaya muka kwanta bayan azahar, kika dawo hannun rigarki jiƙe yana ƙamshin hel."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

"Da Kaka ta kore ki gidan Gwaggo a Makka. Wa zai yi mini kitso? Juya, Yaya, halas, ya wuce. Akwai na'ura yanzu, hannunki ba zai iya kome ba."

Na juya. Ina juyawa ina kuka, ita tana cewa in matsa da fuskata kada in zuba musu gishiri a ciki.

Unguwarmu an rushe, Kaka da Inna da Baba da malam duk suna ƙarƙashin ƙasar nan. Yaran yanzu ba su san hannun zafi ba, ma'auni suke dubawa. Na je da niyyar in roƙi gafara, na shirya kalmomin tun a mota. Ashe ta riga ta yafe tun tana 'yar shekara goma, ba ta ma bari na tambaya ba. Na gode mata, kuma ina ƙaunarta, Allah ya sani. Amma 'yata, rubuta wannan ma, kada ki tsallake: a hanyar dawowa gida na kama kaina ina jin haushi, don ko a nan ma ita ce ta riga ni.