Gaisuwar Salama a Cocin 'Yan Caina

Barmo ɗan wani katikis ne, wato malamin coci, daga wani ƙauyen Katolika a ƙasar Malumfashi, kuma yanzu ɗaure dilolin kaya yake yi wa 'yan kasuwar Kano a kasuwar Shahe da ke birnin Guangzhou na ƙasar Caina. Mutum ne mai sanyin hali, ga tsabta har ta yi yawa. Ko igiyar ɗaurin kaya sai ya kakkaɓe ta. A unguwar Panyu yake zaune da wani tela ɗan Caina, kuma ba haya kaɗai ta haɗa su ba. Suna ƙaunar juna.

Abin da ya raba shi da gida ke nan. Da aka fara raɗe-raɗin maza yake so, ba wanda ya zage shi, ba wanda ya doke shi. Sai dai ranar Lahadi, idan Fada ya ce a yi wa juna gaisuwar salama, kowa sai ya tuna yana da tari, ko ɗansa na bukatar gyaran hula. Hannun Barmo ya yi ta zama a miƙe. Har yayansa Tankari juya baya ya yi, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Shi ya sa a Guangzhou yake zuwa sujadar 'yan Caina. Ba ya jin huɗubar, amma a nan ba a musafaha. Kowa haɗa tafukansa yake ya sunkuya, ba mai ƙin hannun wani.

Bana Tankari ya zo sarin kaya, bayan shekaru ba ko waya. Barmo ya zaga da shi kasuwa, suka yi ta zancen yadi da kwantena kamar baƙin juna. Ranar Lahadi sai Tankari ya ce, "Kai ni cocinku."

Barmo ya zauna kusa da yayansa. Ba abin da yake so a duniya kamar hannun nan. Da lokacin gaisuwa ya yi, tsoro ya hana shi dubawa. Ya haɗa tafukansa, ya rufe ido, ya sunkuya kamar yadda ya saba.

Da ya ɗago, sai ya ga Tankari yana mayar da hannun da ya miƙo masa aljihu a hankali.

"Ashe har yanzu kana fushi," in ji Tankari, ya juya ya fuskanci bagadi.