Gefen Hagu na Motar Yaya

Yayana direban motar makaranta ne, shekara goma sha tara ke nan. Bas ce mai cin yara talatin da biyu, kuma tunda yake bai taɓa gogar ko madubin wani ba. Amma a layinmu ba mai ce masa direba. Injiniya ake kiransa, rabi girmamawa rabi tsokana, saboda abin da yake yi a ɗakin ajiya na bayan gida.

Mota yake ƙerawa, wai irin wadda za ta yi yawo a wata duniyar da ba titi ba iska. Tayoyi takwas gare ta, kuma tsawonta ya cinye tsohon ƙyauren da ya kwantar kan benci biyu ya ɗora ta. Fasinjojinta wasu sojojin roba ne masu tsawon tafin hannu, waɗanda gwiwoyinsu ke lanƙwashewa. Na 'ya'yansa ne. Yaran sun girma sun watsar, uban ya gaje su, ya ce bai dace a bar mutane goma sha biyu a kwali ba abin hawa ba.

Ba abin da ya saya sai gam da fenti. Gangar jikin bututun ruwa ne da katakon silin. Sauran kuwa tsince-tsince: murfin kwalba, madannin tsohon rimot, bayan biro, gidan zare daga shagona. Ni tela ce, shagona jikin gidan yake, don haka ni aka ɗora wa kujeru. Katifu goma sha biyu, kowace ba ta fi akwatin ashana ba, kuma sau uku mutumin nan yana dawo min da su wai ɗinkin ya karkace. Ni da nake ɗinka wa manyan mata kaya ba su yi ƙorafi ba, sai sojan roba!

Doka ɗaya yake da ita, ba ya karya ta: duk abin da ya manna a dama, sai ya manna irinsa a hagu. In ya tsinci murfi ɗaya mai kyau, ajiye shi zai yi har ya samo ɗan uwansa. Ya taɓa jiran wata huɗu saboda maɓallin fanka.

Shi ya sa ranar da na kai masa kujerun karo na huɗu na tsaya turus. Ya gama fentin goshin motar. A dama fitilu uku a jere, tsaf. A hagu guda ɗaya, ita ma a karkace, kuma fentin bai kai baki ba, an bar farin bututu kamar faɗin yatsa biyu.

Na ce, “Injiniya, yau kuma hagu laifin me ta yi?”

Ya ce, “Me ya same ta?”

Yana kallon wurin fa. Sai da ya juya kansa gaba ɗaya sannan ya gani. Ya yi 'yar dariya, ya ce gajiya ce. Ni ma na yi dariyar, amma abin ya tsaya min a rai.

Daga ranar na zama mai gadinsa ba tare da ya sani ba. Na ga ya bugi bakin ƙofa da kafaɗar hagu, ya zagi kafintan da ya yi ta. Na ga ya cinye rabin faranti ya ture, ya ce an yi masa rowa, ga sauran abincin nan a gefe. Ranar Alhamis da ya wuce ta gaban shagona da yara cike da mota, na ga wani dogon karce a gefen hagun bas ɗin, sabo fil. Na tsayar da keken ɗinki.

Na samu matarsa a kicin. Kafin in gama magana ta ce ita ba ta ga komai ba, tana ta goge tukunyar da ta riga ta bushe. Can ta ce, “Ke ƙanwarsa ce. Ke zai iya yafe wa.”

Sauƙin faɗa! Mutumin da ya riƙe ni tun ina aji uku bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon ɗinki, shi ya ɗauko keken nan a kansa ya shigo da shi shago. Ban taɓa ce masa ya yi kuskure ba sai a wasa. Kuma da sitiyarin nan gidan yake ci. In na yi magana na raba shi da aikinsa. In na yi shiru, yara talatin da biyu ne, safe da rana, ban da waɗanda ke tsallaka titi.

Ranar Asabar da hantsi na shiga ɗakin, na ce na zo gwada kujeru. Yana zaune a gaban goshin motar, ya sunkuya yana kankare fitilar da ta karkace. Na zagaya na tsaya ta hagunsa. Na ɗauki soja ɗaya mai jan kwalkwali, na ɗaga shi daidai tsayin idonsa, na kaɗa. Ya ci gaba da kankararsa. Na matso da shi. Na ƙara matsowa, har hannuna na jin ɗumin kuncinsa. Ina ta addu'a a raina ya daka min tsawa, ya ce in bar masa wasan yara.

Sai ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, ta dama, ya ɗaga murya.

“Auta! Ina kika shiga ne? Zo ki miƙo min gam.”

Na ce, “Ga ni nan, Yaya.”

Ya zabura har ya ture gwangwanin fenti. Ya juyo ya gan ni, ya ga sojan dab da fuskarsa. Wallahi na ga lokacin da ya gane, kuma na gane ba yau ya fara zargi ba.

“Gwada ni kike yi?”

“Yaya, ba ka gani ta nan gefen. Mu je asibiti.”

“Shekara goma sha tara! Ko kaza ban taɓa takawa ba. Yau ke za ki koya min ido?”

“Karcen da ke jikin bas fa?”

“Mai babur ne ya shigo min.”

“Ka gan shi lokacin da ya shigo?”

Ya mayar da kai kan motarsa. Na ɗaga sojan na ce, “Wannan roba ne, Yaya. Fasinjojin ranar Litinin ba roba ba ne.”

Ya nuna min ƙofa. Bai yi ihu ba, da ma ya yi.

Ranar Lahadi ko gaisuwata bai amsa ba. Wuni ya yi a ɗakin ya kulle, ba ƙarar zarto, ba warin fenti. Ni kuwa na haɗa hannun riga a baibai har sau biyu. Na nemo lambar shugabar makarantar na ajiye a waya. Na yanke cewa in ya hau motar nan zan kira ta, kuma na san daga ranar ba ni da wa.

Litinin ƙarfe shida ya fito cikin kayan aiki, an goge su sumul, makulli a hannu. A makaranta bas ɗin ke kwana, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa, sai an tsallaka babban titi. Ya wuce ni a bakin shago kamar bai san ni ba. Na ja mayafi na bi bayansa daga nesa, waya a hannu.

Da ya kai bakin titin ya tsaya. Hanya ta buɗe, mutane suka tsallaka, shi yana tsaye. Ta sake buɗewa, bai motsa ba. Yana ta juya kai gaba ɗaya, hagu, dama, hagu, kamar baƙon gari.

Ba tare da ya waiwayo ba ya ce, “Auta, na san takunki. Zo.”

Na matso. Ya kamo hannuna ya danƙa min makullin, ya matse yatsuna a kai.

“Ke za ki miƙa wa shugabar makaranta. Ni hannuna ba zai iya ba. Daga can mu wuce asibitin naki.”

Sai hawaye suka zubo min.

“Bar kukan nan, mutane na kallo,” ya ce. “Dawo ta haguna. In babu mota ki faɗa min.”

Sai da na duba titin sau uku kafin na ce masa mu je.