Iskar da Ta Yaudari Maigidana

Ban yi karatu ba, amma ka rubuta yadda na faɗa.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ke sa wa ƙauyenmu ranar binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. In bazara ta tsananta sai ya riƙa fita bayan gari yana shaƙar iska. Wadda ke fitowa daga arewa busasshiya ce, ba ta ɗauke da komai. Ran da ta juyo daga kudu maso yamma da laima, sai ya ce a fito da iri. Hadari daga gabas yake tasowa, amma wannan iskar ce ke kawo masa ruwan. A tsohon ƙauyenmu ban taɓa ganin ya kuskure ba.

Da ruwan madatsar Bakolori ya ci gonakinmu, muka koma tudu wajen Maradun. Irin gero tukunya ɗaya muka tsira da shi.

Wata safiya ya shigo yana murna, wai iska ta juya. Ƙanensa ya ce, "Yaya, gawo fa bai fara zubar da ganye ba, balle a ce damina ta kusa."

Ya ce, "Kai da ko hadari sai ya jiƙa maka hula kake ganinsa?"

Aka yi dariya, kowa ya ɗauki sungumi. Muka binne irin duka. Yayyafi ya zo, gero ya tsiro, daga nan sama ta ɗauke. Rana ta ƙone shi ƙurmus.

Ran nan maigidana ya fita yana fuskantar iskar, na bi shi a baya. Muka yi ta tafiya har muka zagaya ɗaya gefen sabon tafkin madatsar. A can iskar busasshiya ce, har tana tsaga leɓe. Ya tsaya, ya dubi ruwan, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Innalillahi. Ba damina ba ce. Kan ruwan nan iskar ta bi ta jiƙe."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Damina ta gaskiya ta sauka bayan wata guda, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna zaune muna kallonsa yana zuba a gonar da babu ko ƙwaya. Mutanen gari ba wanda ya zage shi. Gaisuwa kawai suka gajarta masa, kuma wallahi da zagin suka yi da ya fi masa sauƙi.