Ranar da Kalma Ta Maƙale wa Ƙamus

A tasha ba mai kiransa direba. Ƙamus ake ce masa, shi kuwa har wani faɗin kai yake yi da sunan. Tun yana saurayi yake jan doguwar bas tsakanin gari da ƙauyuka, kuma kujerar gaba ta tsofaffi ce, ba don ladabi kaɗai ba, don ya tatse su. Da tsohuwa ta saki kalmar da bai taɓa ji ba, sai ya rage rediyo: "Iya, me kika ce? Maimaita mini."

Da yamma a gida in an gama cin abinci sai ya baje kolinsa. Ya jefo kalma, ya jero ma'ana uku, biyu ƙarya ɗaya gaskiya, fuskarsa ko gezau. Wanda ya kasa gano ta gaskiyar shi ke wanke kwanuka. Matarsa ba ta taɓa ci ba, takan ce da ma can ita ke wankewa, wasan bai ƙara mata komai ba.

Ranar da abin ya same shi yana goge gilashin mota ne. Tsumman ya suɓuce, ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi zuwa.

A gadon asibiti ya farka, ana masa ƙarin ruwa, baki ya karkace. Yana jin komai: ƙarar fanka, tarin mutumin gadon kusa, shessheƙar babbar 'yarsa. Amma in ya nemi magana, sai iska da miyau.

Likita ta tsaya a kansa tana yi wa matarsa bayani. "Shanyewar ɓarin jiki ce. Abin da nake son sani, yana gane magana, ko sauti kawai yake ji? In yana ganewa, za mu haɗa shi da mai koya masa magana tun da wuri. In ba ya ganewa..." Ba ta ƙarasa ba.

Ina ji, baiwar Allah, ina ji! A cikinsa yake ihun. Ko kusa da leɓe bai zo ba.

Matarsa ta jawo kujera, ta kama hannunsa na hagu.

"Baban yara, yau ni ce mai tambaya. In na faɗi ta gaskiya, ka matse hannuna." Ta sunkuyo kusa da kunnensa. "Tsirkiya."

Ya san ta sarai. Wani tsohon maharbi ne ya ba shi ita a hanya, ranar da taya ta fashe musu.

"Ta ɗaya: ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba."

Bai motsa ba.

"Ta biyu: sakatar ƙofa."

'Yar ta dafe ƙarfen gado.

"Ta uku: ƙarfen nan mai tsini na kan kibiya."

Ta zuba wa hannunsa ido. Ta manta! Ta tuna akwai maharbi a zancen, amma ta kauce. Duk ukun babu ta gaskiya. Ya san in ya matse an wuce wurin, kowa ya huta. Yatsunsa har sun fara lanƙwashewa, ya tsayar da su. Shi da bai taɓa barin a yi wa kalma ƙage a gabansa ba?

"Baba, don Allah," in ji 'yar. "Ko kaɗan ne."

Likita ta sauke numfashi, ta juya za ta tafi. Hannun matar ya fara saki.

Ya tattaro duk abin da ya rage masa ya tura wa harshe. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"I... gi..."

"Me ya ce?"

"Igi... ya."

Ya zare hannunsa daga nata, ya ɗaga shi da ƙyar, ya ja baya har kusa da kunne kamar mai shirin harbi. 'Yar ta zaro waya ta lalubo kalmar, sai ta saki ƙara.

"Igiyar baka ce, Mama! Ke ce kika yi kuskure!"

Likita ta dawo da sauri tana dariya. Matar kuwa ta kifa kai a katifa, kuka ya ƙwace mata, tana dukan gefen gado. "Kana kwance rai a hannun Allah, amma taurin kan nan yana nan!"

Bai sake riƙe sitiyari ba. Magana ta dawo masa da kaɗan-kaɗan, da ɗingishi. Yanzu a rumfar tasha yake wuni, yana nuna wa fasinjoji motar da za su shiga. Wani lokacin kalmar cokali ta ɓace masa ƙaf, ya yi ta nuni da hannu har ransa ya ɓaci, alhali kalma mai wuya irin awartaki na nan a bakinsa. A irin ranakun nan direbobi sun san kada su tsokane shi, sai su miƙa masa shayi su zauna kusa.