Ihtiyaɗin da Na Sani

Shekarata ta farko a Alƙahira, Larabcin littafi kaɗai na iya. In na je sayen wake da burodi sai yaran layi su tuntsire da dariya, wai ina ciniki kamar mai huɗuba. Amma saboda doguwar rigata da ɗan gemuna, kowa a layinmu na Darrasa "ya shaikh" yake ce min. Ni kuwa, Allah ya yafe mana, sunan ya yi min daɗi, har tafiyata ta canja.

Maƙwabcinmu, wanda bango ɗaya ya raba mu, ma'aikacin motar asibiti ne, cikin waɗanda ke fara isa wurin hatsari. Ya daɗe a aikin, ko da yake bai girme ni can can ba. Shi da mahaifiyarsa suke zaune, tsohuwa mai ciwon ƙafa.

Wata safiya ta sanyi na shiga wanka, na kunna na'urar dumama ruwa mai aiki da gas, na rufe taga ruf. Ban san haka take kisa ba. Jiri ya ɗebe ni na faɗi. Farkawa na yi na gan ni a matakala, yana tallafe da kaina, ƙofarmu a ɓalle. Ta bango ya ji faɗuwata.

"Faɗuwar bokiti daban, ta mutum daban," in ji shi. Ya ja kunnensa yana dariya. "Mutane na zaton da hannu muke aiki. Wannan ne jarina. Cikin ihun jama'a nakan ji wanda numfashinsa ke shirin tsayawa."

Tun ranar nake ce masa Yaya.

Bayan 'yan watanni, da La'asar, ya tare ni a matakalar nan, tsohuwar na tsaye a bakin ƙofarsu. Ya zuba min magana da Larabcin Masar, da sauri kamar ana korarsa. Abin da na tsinta bai wuce "ihtiyaɗi" da "me ka gani, ya shaikh" ba.

To ihtiyaɗi ai na san shi! A makon nan ma muka yi shi a darasin fiƙihu: in mutum ya yi kokwanto a ibadarsa, ya ɗauki abin da ya fi tsira. Da na ce ya maimaita a hankali, da shi ke nan. Amma ina! Shaihu guda ya ce bai gane ba, a gaban tsohuwa? Na gyara murya na ce, "Ihtiyaɗi shi ne mafi alheri. Mai barinsa yana wasa da addininsa."

Tsohuwar ta dube ni, ta shige ciki ta turo ƙofa. Shi kuwa ya sumbaci goshina ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare. Na hau sama ina jin na yi abin kirki.

Kwana biyu ban gan shi ba, sai na tambayi abokin zamana, wani ɗan Damagaram da ya daɗe a garin. Ya ce ai Yaya ya tafi ihtiyaɗi. Na ce wane irin tafiya kuma ake yi ihtiyaɗi? Nan ya warware min. A bakin Misirawa, ihtiyaɗi shi ne sojan ko-ta-kwana: wanda ya gama hidimar soja ya koma aikinsa, in buƙata ta taso a sake kiransa. Ana neman ƙwararrun masu agaji, an kira Yaya. Yana da hanyar neman uzuri saboda ciwon tsohuwa. Shi yana son zuwa, ita ba ta so, suka yi ta ja har suka yarda a tambayi malamin da ke maƙwabtaka.

"Kai!" in ji ɗan Damagaram, ya riƙe baki. "Da babin kokwanton alwala ka tura mutum soja?"

Daga ranar na shiga yi wa tsohuwar hidima, in sayo burodi, in ɗauko tukunyar gas. Tana karɓa tana godiya, amma ba ta ƙara ce min shaikh ba. Na kuma duƙufa koyon Larabcin titi wurin direbobi da masu shayi, don in ya dawo in ba shi haƙuri da harshensa.

Ya dawo kuwa, da ƙafafunsa da hannayensa, na yi ta hamdala. Ashe wani abu ya fashe kusa da shi yana duƙe kan wani mai rauni. Kunnuwan sun tafi duka biyu, ya kurmance. A wurin aiki suka sauke shi daga mota, suka mayar da shi ɗakin ajiyar kaya.

A matakalar dai na same shi. Na faɗa masa komai: ban fahimci tambayarsa ba, girman kai ya hana ni cewa ya maimaita, ihtiyaɗin da na sani ba shi ne nasa ba. Larabcin Masar tsantsa na yi, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, hawaye na zuba. Yana ta kallon bakina yana murmushi.

"Tamam, ya shaikh, daidai ne," ya faɗa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. Ya dafa kafaɗata. "Sanyi ya shigo. In za ka yi wanka ka bar tagar nan a buɗe. Yanzu in ka faɗi ba zan ji ba."