Injin Baba Mai Aski

Bango ɗaya ne tsakanin shagona na ɗinki da na Baba Mai Aski. Ni mai sanƙo ne, ba ruwana da kujerarsa, amma duk kan da ke layinmu ya bi ta hannunsa. Mutum ne mai ji da sana'arsa. In ya gama sai ya ɗaga ƙaramin madubi ta ƙeya, ya ce, "Duba da kyau, in ka ga gyara kada ka sake dawowa."

Sai hannu ya fara rawa. Da fari kaɗan-kaɗan, daga baya kuwa in ya gyara maka gaban goshi, layin ya karkace kamar ɗinkin ɗan koyo. Wa zai faɗa masa? Wanda ya yi wa ubanka aski, ya yi maka, ya yi wa ɗanka? Sai mazan layin suka ɓullo da dabara: a zauna a kujerar Baba, a duba madubi a ce, "Kai, Baba, hannu na nan!" a kifa hula, a zagaya sabon shagon da ke bayan tasha a gyara ɓarnar. Har Direba, amininsa tun ƙuruciya, haka yake yi. Mu a ganinmu mutunci ne.

Ranar nan Baba ya tafi sayo reza, hanya ta bi da shi ta bayan tasha. Ina tare da shi, zan sayo zare. Ta gilashi muka hango Direba a kujera, wanda Baba ya aske da safiyar ranar, ana daidaita masa ƙeya. Ga wasu kuma a benci, huluna a gwiwa, duk aikin Baba ne a kansu. Idon Direba ya haɗu da na Baba a cikin madubi. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ni da ko gashi ba ni da shi.

Baba ya kau da kai. Ya tura hannun cikin aljihu, ya tambaye ni ko zaren baƙi zan saya. Rezar ma bai saya ba.

Washegari Direba ya zo, kai a sunkuye, ya zauna a kujera alhali babu abin askewa.

"Baba, a ɗan taɓa min gemu."

"Injin askin ya lalace, Direba. Ka je bayan tasha, na ji yaran sun iya."

Tun daga nan haka yake faɗa wa kowa, mu kuma mu ce Allah ya kyauta, mu zauna hira, ba mai iya kallon idon wani. Ni kaɗai na san injin lafiyarsa lau. Kullum da safe, kafin ya buɗe ƙofa, ina jin ƙararsa ta bango. Yakan kunna ya riƙe na ɗan lokaci, ko hannun zai tsaya, sannan ya kashe.